Ranar da Hajiya Ta Zo Ganin Tsutsotsina

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau abin da ke raina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Waɗanda suka daɗe tare da ni sun san sana'ata, amma saboda baƙi bari in maimaita: ni mai kiwon tsutsa ce. Don Allah kada ku yamutsa fuska, wadda ake yamutsa mini a gida ma ta ishe ni. Tsutsar siliki nake nufi, fara tas, mai laushi, ba ta cizo, ba ta wari, ba abin da ta sani a duniya sai cin ganye da saƙa.

A ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike nake aiki, ƙarƙashin wata Farfesa da ganin haƙoranta sai an dace. Abin da muke nema shi ne zaren ɗinkin tiyata mai ƙarfin saƙar gizo-gizo. Shi kuwa gizo-gizo ba ya kiwatuwa, in ka tara su wuri ɗaya cinye juna suke yi. Shi ya sa muke ɗauko ƙwayar halittarsa, wadda ake ce wa DNA, wato ɗan saƙon da ke gaya wa jikinsa yadda zai yi zare, mu sa a cikin ƙwan tsutsa, da fatan 'ya'yanta za su tashi da irin saƙarsa. Ƙanwata Auta ce ta raɗa mini Uwar Tsutsa, sunan kuma ya bi ni har gidan maƙwabta.

Shi kuma mutumin da ya hana ni sukuni, Mai Firji na rubuta a wayata tun ranar farko, har yau ban canja ba. Shagon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki gare shi. Wata rana akwatin ɗumin da muke ajiye ƙwai ya lalace, aka kira shi. Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, ya tsaya yana sauraron ƙarar tsutsotsi suna cin ganye.

"Malama, ruwa ake yi a waje?" ya tambaye ni.

"Ba ruwa ba ne, karin kumallo suke yi."

Ya leƙa faranti ɗaya, ya daɗe yana kallo, sannan ya rage murya ya ce, "To bari in yi aikina a hankali, kada in katse wa bayin Allah cin abinci."

Wallahi tun da nake, ba namijin da ya taɓa ganin tsutsotsina bai ja da baya ba. A nan zuciyata ta fara zamewa, kuma ban yi wani ƙoƙarin riƙe ta ba.

Watan da ya wuce ya kai ni in gaishe da mahaifiyarsa. Hajiya tsohuwar tela ce, ciwon baya ya sa ta ajiye keke, amma yana nan a kusurwar falonta, an lulluɓe shi da farin ƙyalle mai aikin hannu. 'Yar siririya ce, gilashinta na rataye da igiya a wuya, irin mutanen da in suka kalli ɗinkin rigarki sai ki ji kina son ba da haƙuri. Ta karɓe ni da fara'a, ta sa aka kawo shayi a kofunan baƙi, ta nuna mini kujera kusa da ita, ni kuma na zame na zauna a kan kafet. Komai na tafiya sumul har ta ce:

"To 'yata, wane irin aiki kike yi ne? Shi wannan in na tambaye shi sai ya ce mini bincike, sai ka ce 'yar sanda."

Ni kuwa in aka taɓo mini zancen tsutsa, bakina ba shi da birki. Na manta da kunyar suruka, na gyara zama, na shiga zuba. Na gaya mata gizo-gizo, na gaya mata ƙwai, na gaya mata allurar gilashin da muke amfani da ita, wadda bakinta ya fi gashin kai siriri. Mai Firji na ta yi mini tarin ƙarya daga bakin ƙofa, ban ji ba. Hajiya ta ɗora gilashinta a hanci, idonta ya sauka a kan filastar da ke yatsata.

"Wannan fa?"

"Ai ita allurar ce ta soke ni jiya, Hajiya," na faɗa har da 'yar dariyata.

"Da abin a cikinta?"

"Ɗan kaɗan ne."

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta ajiye kofinta. Ba ta ɓata rai ba, ba ta canja murya ba, har rakiya ta yi mini zuwa bakin ƙofa tana sa mini albarka. Da ma masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa wuƙarsa a wase take.

Bayan 'yan kwanaki Mai Firji ya zo gidanmu da yamma. Tun daga yadda ya zauna a bakin kujera yana juya makullin mota na san ba lafiya ba.

"Hajiya ta ce a ɗan dakata da maganar turo manya," ya ce, idonsa a ƙasa.

Na kalle shi. "Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Ita ma ta ce ba ki yi komai ba, ta ce ke yarinyar kirki ce." Ya ajiye makullin. "Cewa ta yi, abin da aka sa wa tsutsa don ya sauya 'ya'yanta, shi ne ya shiga yatsarki. Ta ce wa ya san inda ya je ya zauna a jikinki, wa kuma ya san abin da za ki haifa."

Da farko dariya na yi, har da riƙe ciki. Na ce, "Wato jikanta zai fito da ƙafa takwas yana hawa bango?" Shi bai yi dariya ba. A nan na gane da gaske ne, na bar tawa dariyar.

"Na yi mata bayani iya sanina," ya ce. "Amma ni wayar wuta da gas na sani. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ba zan iya yin aure tana kwana da fargaba ba. Ba kuma zan iya haƙura da ke ba. Ki ga inda na tsaya."

Kafin magariba labari ya gama zaga gidanmu, don Auta kunnenta na jikin kowane labule. Umma ta zauna a bakin gadona ta yi tagumi. Gwaggo, yayar Abba, wadda ta zo kwana biyu ta shiga wata na biyu, ta tsaya a ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ba na faɗa ba? Tun yaushe nake cewa aikin nan ba na 'ya mace ba ne? Ƙawayenki na goyon na uku, ke kina goyon tsutsa."

"Gwaggo, ai su ma suna da daɗin goyo, ba sa kuka," in ji Auta.

"Rufe mini baki, mara kunya! Ke kuma ki rubuta musu takardar barin aiki gobe, a je a gaya wa matar nan kin tuba."

"Ko na bari, Gwaggo, allurar ta riga ta soke ni," na ce. "Ba aikin take tsoro ba, jinina take tsoro."

Umma ta ɗago kai, idonta ya yi ja. Ta kama yatsar tawa tana juyawa, wurin ma ya warke ko tabo babu. A hankali ta ce, "Ke dai gaya mini gaskiya, ni uwarki ce. Ba abin da zai same ki?"

Wannan tambayar ta fi duk faɗan Gwaggo yi mini ciwo. Ashe ita ma da nata tsoron, ta daɗe tana ɓoyewa don kada ta karya mini gwiwa. Na rungume ta na ce babu komai, wallahi babu komai. Abba ne ya yi gyaran murya daga tsakar gida, da ma yana jin mu yana gyaran rediyonsa.

"Ku daina wahalar da bakinku," ya ce. "Gani ya kori ji. Ki nemi izini a wurin aikinku, ki kai baiwar Allah ta gani da idonta."

Washegari na sami Farfesa a ofis, na gaya mata komai ina sunkuyar da kai. Ta kalle ni ta saman gilashi, ta ce, "Ba turare, ba taɓa kayan gwaji. In kuma ta suma, ke za ki ɗauke ta." Ina fita na tura wa Mai Firji saƙo.

"Farfesa ta yarda. Saura naka aikin."

"Hajiya ta ce za ta zo. Ta ce tana so ta ga abin da ya fi ƙarfin bakina."

"Ka gaya mata kada ta sa turare. Ƙamshi na wahalar da su."

"Ke ma kin san wannan ya fi cewa ta zo wuya."

"Ka lallaɓa ta."

"Ina lallaɓa mata biyu yanzu, Allah ya ba ni lada."

To bari in gaya muku shirina, don ku gane abin da ya faru. Fiye da shekara biyu ke nan ina yi wa ƙwai allura, dubbai a kan dubbai, ko sau ɗaya baƙon abin nan bai zauna ba. Wannan shi ne babban baƙin cikina a wurin aiki, shi ke sa ni shiga banɗaki in share hawaye in fito ina murmushi. Amma yanzu sai ga shi rashin sa'ata ya zama shaidata. Na ce a raina, zan nuna wa Hajiya cewa ni da nake roƙon abin nan ya zauna, da dabara da kayan aiki da addu'a, ya ƙi. Ina ga yatsar da ya shiga bisa tsautsayi?

Ranar da za ta zo, tun da sassafe na baje kayana a kan gado. Na ɗauki wata atamfa shuɗiya mai ƙananan fararen ganye, na juya hannun rigar ciki-waje ina duba ɗinkin, don na san idon da zai kalle ta. Na sami wani zare da ya leƙo a hammata na datse shi. Na yafa farin mayafi mara ado, na sa takalmi mara tsini. Ba hoda, ba jan baki, ba ko ɗigon turare. Umma ta biyo ni da kwalba a hannu.

"Ɗan kaɗan a bayan kunne, wa zai sani?"

"Su za su sani, Umma."

"Yarinya za ta ga uwar miji kamar wadda za ta je awon asibiti," ta faɗa tana gyara mini bakin mayafi. Ta riƙe kafaɗata ta yi addu'a ta tofa mini, Gwaggo na daga ɗaki tana cewa a dai yi mu gani.

Da hantsi motar Mai Firji ta tsaya a harabar cibiyar. Hajiya ta fito cikin leshi ruwan ƙasa da mayafi ruwan madara, 'yar jakarta a maƙale a hannu. Na durƙusa na gaishe ta.

"Tashi, 'yata. Kin ga yau ko man shafawa mai ƙamshi ban taɓa ba, ji nake kamar ban yi wanka ba." Ta juya wurin ɗanta. "Kai kuma jira mu a mota. Wannan tsakanina da ita ne."

Ya kalle ni ta bayan kanta, ya ɗaga hannaye sama alamar addu'a. Na taimaka mata ta sa farar rigar aiki a kan leshinta, na durƙusa na sa mata ledar takalmi. Ta shafa bakin aljihun rigar ta ce, "Wanda ya yi ɗinkin nan sauri yake yi."

Muka shiga ɗakin kiwo. Ɗaki ne mai ɗumi, kantoci daga ƙasa har sama, kowace kanta da farantai cike da koren ganye da fararen tsutsotsi. Ta tsaya cak a bakin ƙofa, ta damƙe jakarta. Na zaci za ta juya. Sai ta tako a hankali, ta leƙa wani faranti inda wata ƙatuwa ta ɗaga kai tana kaɗa shi hagu da dama.

"Wannan me take nema?"

"Ta ƙoshi ne, Hajiya. Wurin da za ta fara saƙa take nema. Za ta naɗe kanta a ciki, ta fito da fukafukai, ta yi ƙwai."

Na kai ta inda masu saƙar suke, kowace a cikin ɗan farin ƙwansonta mai kama da ƙwan tantabara. Na ɗauko mata wani ɗaurin zaren siliki na tsutsotsin da ba a yi wa komai ba, na miƙa mata da hannu biyu. Nan take fuskarta ta sake. Ta ja sili ɗaya, ta naɗe a yatsa, ta ɗaga shi wajen haske.

"Ƙwanso ɗaya zare ɗaya ne?"

"Ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, ba ƙulli."

"Ikon Allah," ta ce. "Na ƙare ƙuruciyata ina ɗinka shi, ban taɓa ganin masaƙiyar ba."

Daga nan na kai ta teburin allura. Na nuna mata ƙwai a jere a kan gilashi, ƙanana kamar ƙwayar riɗi, na nuna mata allurar. Wannan karon na yi magana a hankali, na auna kowace kalma.

"Hajiya, kowane abinci da muke ci, tumatir ne, nama ne, wake ne, yana da tasa ƙwayar halittar. Kullum tana shiga jikinmu, jiki kuma ya daddatsa ta ya wuce da ita. Wadda ta shiga ta fata ma haka ne, jini ba ya barin baƙo irin wannan ya kwana. Ko a ƙwan tsutsa, sai an sa shi a sa'o'in farko bayan an yi ƙwan, tun bai zama komai ba. Sai kuma an haɗa shi da wani sinadari da zai buɗe masa ƙofa. Duk da haka mafi yawansa narkewa yake yi cikin 'yan kwanaki, ya ɓace kamar ba a sa ba."

"To ta yaya kuke sanin ya zauna ko bai zauna ba?"

"Muna haɗa shi da alama. Akwai wata halittar teku mai haske a jikinta, muna ɗauko nata saƙon mu manna a jikin na gizo-gizon. Waɗanda aka yi wa allurar ba a ganin komai a jikinsu, sai sun girma sun yi nasu ƙwan. In baƙon ya zauna, idon ɗan da ke cikin ƙwan zai yi haske kore in an haska shi da shuɗiyar fitila. In bai zauna ba, duhu kawai za a gani." Na yi murmushi. "Ni kuwa shekara biyu da 'yan kai duhu nake gani. Zo ki gani da idonki."

Muka shiga ƙaramin ɗakin da madubin ƙara girma yake, na ja baƙin labule na kashe wuta. Na ɗauko takardar da ƙwai ke manne a jikinta, wadda ya kamata in duba a ranar, wadda ban ko kalla ba tukuna, don na saba da amsar. Na ɗora ta, na kunna shuɗiyar fitila, na sa ido don in daidaita mata madubin. Hajiya na tsaye a bayana tana goge gilashinta da bakin mayafi.

Ƙwai a jere, duhu. Na matsa gaba, duhu. Na ƙara matsawa.

Sai ga su. Ɗigo biyu kore, ƙanana, a gefen wani ƙwai, suna haske shar kamar an kunna su don ni.

'Yan uwa, na kasa yarda da idona. Na rufe ido na buɗe, suna nan. Na juya madubin na dawo da shi, suna nan. Abin da na yi shekaru ina nema, abin da na yi azumi na roƙa, ya tashi zuwa bai zo ba sai yau, sai a gaban matar da na kawo in nuna wa cewa ba ya zama.

Yatsata na kan takardar. In na tura ta kaɗan, faɗin ƙwayar shinkafa, ƙwan zai fita daga idon madubi, Hajiya ta ga ɗaruruwan 'yan uwansa baƙaƙe ƙirin, ta koma gida da kwanciyar hankali. Anjima in dawo ni kaɗai in yi murnata. Wa zai sani? Ba ma ƙarya ba ce, zuciyata ta ce mini, ai gaskiya ne yatsarki ba abin da ya same ta, hanya kawai za ki gajarta. Na tuna fuskar Mai Firji a bakin kujera, na tuna jan idon Umma.

"'Yata, lafiya? Na ji kin yi shiru."

Hawaye ne ya fara ɗiga a kan hannuna. Na ɗauke yatsata daga kan takardar, na tashi daga kujerar.

"Zauna, Hajiya. Sa idonki a nan."

Na riƙe mata kafaɗa ta zauna, na nuna mata yadda za ta kara ido. Ta kara idon. Can ta ce, "Na ga wasu abu biyu kamar idon kyanwa."

"Su ne."

"Ba kin ce duhu zan gani ba?"

"Haka na ce. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganinsu ba sai yanzu."

Ba ta ɗago ba. Muryarta ta yi ƙasa. "Ashe yana zama."

"Yana zama, Hajiya." Na ci gaba. "A ƙwan tsutsa, in an sa shi a kan lokaci, an buɗe masa ƙofa, cikin dubbai yakan zauna a ɗaya. A yatsata ba zai zauna ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Amma na kawo ki ne in nuna miki duhu, ga shi ba duhun na nuna miki ba. Ban san abin da zan ƙara ce miki ba."

Ta janye idonta daga madubin, ta juyo tana kallona a cikin shuɗin hasken nan.

"Na ga hannunki a kan takardar," ta ce. "Da kin matsar da shi, da ban sani ba."

"Da ba ki sani ba."

"Me ya hana ki?"

Na share fuska da hannun riga kamar ƙaramar yarinya. "Na daɗe ina jiransa, Hajiya. Ba zan iya ɓoye shi ranar da ya zo ba, kamar wani abin kunya."

Ta sake kara ido a madubin, ta kalla, ta ɗago. Da ta yi magana, kamar ba da ni take ba.

"Shekara tara na yi a gidan babansa ban ko yi ɓatan wata ba. Duk wata in sa rai, duk wata duhu. Na ɗinka wa 'ya'yan mutane kayan suna har na daina ƙirgawa, in kai musu da fara'ata, in dawo in rufe ɗaki. Ranar da likita ta ce mini akwai, ban yi guɗa ba, irin wannan kukan naki na yi." Ta numfasa. "Daga shi kuma ban ƙara ba. Shi ya sa kika ga ina tsoro, 'yata. Wanda ya sha jira ba ya wasa da abin da ya samu."

"Na sani, Hajiya."

"Kin sani kuwa. Yau na ga kin sani."

Ta miƙe da ƙyar tana dafa baya. Ta kamo bakin mayafinta ta goge mini kumatu, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda Umma ke yi mini ina ƙarama. Ta ce, "Barka da arziki. Allah ya raya miki shi." Sannan ta cire farar rigar, ta ninke ta tsaf kafaɗa a kan kafaɗa, ta ajiye a kan kujera. Na yunƙura zan raka ta, ta ɗaga mini hannu.

"Zauna da abinki. Na san hanya."

Ta fita. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ba ta yarda ba.

Ƙwan ya riga ya daɗe a ƙarƙashin fitila, dole in ware shi in mayar da shi wurin ɗumi. Na zagaye shi da alƙalami, na ɗauki ƙaramin almakashi, na yi bisimilla. Ina cikin yanka gefen takardar waya ta yi ƙara a aljihuna. Sai da na gama na sa shi a faranti shi kaɗai sannan na duba, Mai Firji ne.

"Me ya faru a ciki? Hajiya ta shigo mota idonta jawur."

Kafin in rubuta amsa wani ya shigo.

"Ta ce in kai ta gidanku."

"Ta ce me za ta yi?" na rubuta.

"Na tambaye ta, ta ce in kalli titi."

Na so in cire riga in bi su da gudu. Amma Farfesa ta riga ta shigo, ta sa ido a madubin, ta daɗe, sannan ta ɗago. Yau dai na ga haƙoranta, duka. Ta dafa kaina ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Yanzu ki duba sauran takardun kaf, inda aka sami ɗaya ana iya samun 'yan uwansa. Ba inda za ki sai kin gama."

Haka na zauna a ɗakin nan mai duhu, ido ɗaya a madubi, zuciya a falonmu. Na kira Mai Firji, bai ɗauka ba. Na kira Umma, wayar na ta ƙara ba amsa. Ina takarda ta uku saƙon Auta ya shigo, ko sallama babu.

"Uwar Tsutsa, tsohuwar nan tana falonmu. Ta ce Gwaggo ta ba su wuri, kuma wallahi Gwaggo ta fita. Ta sa an kira Abba daga shago. Na leƙa ta labule, ta riƙe hannun Umma, su biyun kuka suke yi. Ni dai ban san wane irin kuka ba ne."

Ni ma ban sani ba, 'yan uwa. Na karanta saƙon har ya dushe a idona, na kasa tantancewa. Ina riƙe da wayar ta fara ruri a tafin hannuna. Abba ne, mutumin da tun da na fara aiki bai taɓa kirana a lokacin aiki ba. Na goge hannuna a jikin riga, na ja numfashi, na kara a kunne.

"Salamu alaikum, Abba."

"Wa alaikumus salam," ya ce, muryarsa wata iri, kamar mai ɓoye murmushi. "Kina zaune ko kina tsaye?"